Madubin Gefe da Tarihin Gyaran Mota a Arewacin Zamfara

Madubin gefe yana cikin sassan da suka fi saurin yin sako-sako a jikin tsofaffin motocin da suka yi zamani a hanyoyin Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi. Sassa uku gare shi. Akwai gindi, wanda ake ɗaurewa a jikin ƙofa ko a kan ƙarfen da ya rufe tayar gaba. Akwai wuya mai 'yar ƙwallon ƙarfe da ke ba madubin damar juyawa. Sai kwanon da gilashin ke zaune a ciki. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da irin nasa sakin, kuma kowane saki da mai maganinsa. Shi ya sa wannan ɗan ƙaramin aiki ya ratsa hannun maƙeri da bakanike da mai walda da mai yankan gilashi, yana sauya hannu gwargwadon yadda motocin yankin suka riƙa sauyawa.

Jirgin ƙasa ne ya jawo mota zuwa wannan sashe na ƙasar Zamfara. A 1929 layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya iso Ƙauran Namoda, garin da ya samo suna daga Namoda, jarumin Fulanin Alibawa na zamanin jihadi, kuma nan layin ya tsaya. Tsayawarsa a nan ita ta mai da garin matattarar gyaɗa da auduga. Abin da aka noma a Zurmi da Moriki da Shinkafi har zuwa Isa, dole sai an kawo shi bakin tasha kafin ya kama hanyar kudu. Da farko jakuna da raƙuma da takarkarai ke wannan jigila, daga baya manyan motoci suka karɓe ta kaɗan-kaɗan, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da cinikin gyaɗa ya bunƙasa kuma sojojin da aka sallama bayan 1945 suka dawo gida, wasunsu da ilimin tuƙi da na gyaran inji.

Kanikawan farko a garuruwan layin dogo na Arewa sun fito ne daga wurare ƙalilan: ma'aikatar jirgin ƙasa, garejin kamfanonin ciniki na Turawa, sashen ayyuka na En'e, da kuma soja. Da yawansu mutanen kudu ne da suka biyo layin. Amma motar da ta lalace a tsakanin Moriki da Shinkafi ba ta jiran bakaniken kamfani, maƙerin gari ake kai wa ƙarfen da ya karye. Maƙeran baƙi, waɗanda suka gaji ƙera fartanya da gatari da galma, su ne suka fara miƙe ƙarfen mota da wuta da guduma, kuma hannun madubin babbar mota yana cikin ayyukan da suka fi dacewa da maƙerarsu, domin sanda ce kawai ta ƙarfe da aka lanƙwasa aka fasa mata huda biyu.

A babbar mota irin Bilhodi mai bodin katako, madubin gefe ba ado ba ne. Bodin ya fi kan motar faɗi, buhunan gyaɗa sun toshe baya gaba ɗaya, don haka dole a miƙa madubin waje a kan dogon hannu. Tsawon hannun nan shi ne rauninsa. A hanyar burji mai gargada yana karkarwa har abin da ke cikin gilashin ya zama hazo, notin gindinsa kuma yana warwarewa da kansa. Direbobi kan ƙara masa tokara ta biyu, ko su ɗaure shi da waya. In ya faɗi a hanya, yaron mota ne ke maye gurbinsa: yana zaune a kan kaya, ya leƙa baya, ya buga bodi da tafin hannu in wata mota na neman wucewa ko in direba na ja da baya. Wannan al'ada ta buga bodi ta daɗe ƙwarai, har bayan da madubai suka wadata.

A ƙasashen da ake ƙera motocin ma, madubi bai zo tare da mota ba. A 1909 Dorothy Levitt, wata Baturiyar Ingila mai tseren mota, ta ba mata direbobi shawara a littafinta su riƙa tafiya da madubin hannu don duba abin da ke bayansu. A 1911 Ray Harroun ya ci tseren Indianapolis na farko a Amurka da madubi kafe a gaban motarsa, maimakon ɗaukar mutum na biyu mai duba masa baya. Shekaru da yawa bayan haka madubin waje ya kasance abin da mai mota ke saye daban ya sa a ɗaura masa. Motocin Ingila sun fi son kafa shi can gaba a saman taya, Japan kuma ta wajabta wannan wuri a kan motocin cikin gidanta har 1983. Da yake Najeriya ta kasance ƙarƙashin Ingila, irin wannan madubi mai doguwar ƙafa ne ya fara yawa a kan ƙananan motocin ma'aikata da na sarakuna, da kuma Landiroba.

Ranar 2 ga Afrilu, 1972, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta mayar da tuƙi a Najeriya daga hannun hagu zuwa hannun dama. Mutanen Zurmi da Shinkafi ba baƙin wannan hannu ba ne, domin Jamhuriyar Nijar da ke maƙwabtaka da su tana bin dama tun zamanin Faransa, kuma direban da ya bi ta Jibiya zuwa Maraɗi ya saba sauya hannu a kan iyaka. Daidaita tafiya da maƙwabta irin su Nijar yana cikin dalilan canjin. To amma motocin da ke ƙasa a ranar duk masu sitiyari a dama ne, kuma da yawansu madubi ɗaya gare su, a gefen direba. Da aka wayi gari, wannan madubi yana kallon bakin daji, motar da za ta wuce kuma ta hagu take zuwa, inda babu komai. Sai aka shiga ɗaura madubi na biyu. An huda ƙofofi da yawa da hannu, a wurin da kamfani bai sa ƙarin ƙarfe a ciki ba, aka ɗaure da ƙusa mai zare kai tsaye a cikin siririn ƙarfen ƙofa. Irin wannan ɗauri ba ya daɗewa a hanya marar kwalta.

Bayan canjin hannu da 'yan shekaru Fijo ta mamaye hanyoyin Arewa. Kamfanin Peugeot ya fara fitar da 404 a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968. A 1975 masana'antar haɗa Fijo ta Kaduna ta fara aiki a Kakuri, ana kawo mata sassa ta jirgin sama daga Liyon zuwa Kano, a daidai lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka sa ma'aikata da yawa mallakar mota a karo na farko. A yankin Ƙaura motar ta shigo ta fuska uku. A-kori-kura ƙirar 404, daga baya 504, ita ce motar cin kasuwa: ta kai hatsi da albasa da awaki kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ta dawo da fasinja zaune a kan buhuna. Doguwar 504 mai kujeru layi uku ta zama motar haya tsakanin Gusau da Ƙaura da Sakkwato da Katsina. Ƙarama kuma ta zama motar hukuma, kuma yawanta ya ƙaru a garin bayan kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda a 1983. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a wannan shekara ta 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Daɗewar nan ce ta sa aka sami kanikawa da suka yi rayuwarsu gaba ɗaya a kan mota iri ɗaya, suka san kowane noti nata da ido rufe.

A hannun waɗannan kanikawa ne gyaran madubi ya zama aiki mai ƙa'ida. Abu na farko shi ne gano inda sakin yake. Bakanike kan kama kwanon madubin da hannu ɗaya, ya ɗora babban yatsan ɗaya hannun a gindinsa, ya girgiza a hankali. In gindin ya motsa a ƙarƙashin yatsa, matsalar ƙofa ce. In gindin na nan daram amma kan yana sunkuyawa, wuya ne ya saki. In kuwa ba abin da ya motsa sai ƙara da ke fitowa daga ciki, gilashi ne ke rawa a kwanonsa.

Sakin gindi ya fi yawa, kuma sababinsa biyu ne. Tsakanin gindin madubi da fentin ƙofa akwai 'yar shimfiɗa ta roba. Zafin bazara yana busar da ita ta tsattsage, ruwan damina ya shiga ta wurin, tsatsa ta kama bakin hudar. Ita kuma ƙusar, da ta sami ɗan wurin motsi, sai ta riƙa cin hudar a kowace gargada har ramin ya fi ta faɗi. Gyaran ganin ido shi ne a sa ƙusa mafi kauri, ko a cusa tsinken ashana a ramin a sake ɗaurewa. Mai mota zai tafi da murna ya dawo bayan kasuwa biyu. Gyaran ƙwarai ya fi cin lokaci. Ana cire hannun gilashi da marfin cikin ƙofa, a ɗaga gilashin sama don hannu ya sami hanya, a kankare tsatsar da zarto, a shafa ɗan fenti ko man giris. Sai a yanko 'yar farantin ƙarfe mai kauri, a huda ta daidai da ramukan gindin, a zura ta ta cikin ƙofa. Yaron gareji mai siririn hannu ne ke riƙe ta a ciki da sifana lamba takwas ko goma, maigidansa yana ɗaurewa ta waje. Da haka nauyin madubin ya tashi daga kan bakin rami ya bazu a kan farantin. Shimfiɗar da ta mutu kuwa, ana ɗora gindin madubin a kan tsohuwar robar cikin taya da aka karɓo wurin mai faci, a zana da biro, a yanke da reza. Kanikawan da suka san aiki ba sa mantawa da washa mai tsaga, wadda ke hana noti warwarewa, ko kuma su ɗora noti na biyu a kan na farko.

Sakin wuya ya fi buƙatar haƙuri. A cikin kwanon akwai wani ɗan faifan ƙarfe da ke danne ƙwallon, wani lokaci da sifirin a bayansa, kuma wannan dannewa ce ke sa madubi ya tsaya inda aka juya shi. Shekaru suna sa faifan ya gaji. A wasu madubai akwai ƙananan kusoshi a ƙasan kwanon da ake ɗan matsawa, shi ke nan. A wasu kuwa ba a isa wurin sai an fitar da gilashin, wanda bakin kwanon ya naɗe a kansa. Ana buɗe bakin da siririn sukudireba kaɗan-kaɗan, ana zagayawa, domin wanda ya yi gaggawa gilashin zai tsage a hannunsa. In an isa ciki, a ɗan ƙara wa faifan lanƙwasa, ko a yanko ɓallin gwangwanin madara a saka tsakaninsa da ƙwallon. Abin da ba a yi shi ne zuba mai a wurin, ko da yana ƙara, don santsi shi ne ainihin ciwon. Ba a kuma manne wuyan da gam, ko da yake masu gaggawa suna yi. Madubin zai tsaya, amma ya tsaya ke nan a idon direba ɗaya.

Karyewar ƙafar madubi ita ta fi ba masu walda kunya. Ƙyallin da ke jikinta yana sa a zaci ƙarfe ce, alhali yawancin irin waɗannan ƙafafu zubi ne na gaurayen tutiya da aka shafe da farin ruwa mai sheƙi. Wannan gauraye yana narkewa tun zafi bai kai digiri 400 ba, ƙarfen mota kuwa sai ya haura 1,400. Da wutar walda ta taɓa shi sai ya zube ƙasa kamar kitse a kasko. Masu waldar gas, waɗanda ke haɗa iskarsu da kabaid da ruwa, sun fi iya lallaɓa shi, amma ko su sukan gwammace su huda ɓangarorin biyu, su zura guntun waya mai ƙarfi a tsakiya, su cike da gam mai haɗi biyu irin Araldite. In abin ya wuce haka, sai a ƙera sabuwar ƙafa da baƙin ƙarfe, ko a kai tsohuwar wurin masu zubin tukwanen alminiyam su danna ta a yashi su zubo irinta. Nan aikin ya koma gidan maƙeran fari, inda zubi ya samo asali.

Gilashin da ya fashe yana da nasa mutum. Mai yankan gilashi yakan ɗora kwanon a kan madubin ɗaki, ya zana, ya yanka, ya goge bakin da dutse. Yana shiga daidai, kuma ya fi saye sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai madubin ɗaki shimfiɗaɗɗe ne, na mota kuwa sau da yawa yana da ɗan tudu a tsakiya, musamman na gefen fasinja, don ya kwaso fili mai faɗi ko da yake yana ƙanƙanta abin da ke ciki. Direban da aka sauya masa ɗaya da ɗaya ba tare da an gaya masa ba yana iya kuskuren auna nisan motar da ke bayansa, kuma babur da ke dab da ƙugun motarsa kan ɓace masa gaba ɗaya. Wannan shi ne aibin gyaran da ba a cika faɗa wa mai mota ba.

Duk wannan dabara ta ƙara daraja bayan 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona. Gyaɗar da ta gina Ƙaura ta riga ta durƙushe tun farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta cinye amfanin 1975, jirgin ƙasa kuma ya yi ta ja da baya. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sabon kayan gyara ya fi ƙarfin direba. Abin da a da ake jefarwa sai ya zama abin lallaɓawa. Kayan gyara na zuwa ne daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna, inda ake farke matattun motoci, da kuma shagunan 'yan kasuwar Ibo masu alaƙa da Nnewi da Onica, su sauka Gusau kafin su ƙarasa Ƙaura da Shinkafi. Mai saye ya koyi bambanta kaya iri uku: na asali sabo, na asali gwanjo, da kwaikwayo, wanda ke sheƙi a shago ya yi tsatsa a damina ɗaya. Tsadar madubi ta sa ya zama abin sata a tashoshi da kasuwanni, abin da ya haifar da wata 'yar sana'a ta zana lambar mota a jikin gilashin, da kuma ɗaure gindi da ƙusar da ake dasawa ba a kwancewa. Ita wannan ƙusa tana hana ɓarawo, amma in ta saki sai an huda ta kafin a gyara.

Ta ɓangaren hukuma ma madubi ya sami mai tambayarsa. Bayan jami'an duba lafiyar motoci na jiha, a 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma rashin madubi ya shiga jerin laifuffukan da ake tsayar da mota a kansu. Wannan ya haifar da madubin shinge, wato wanda ake ɗaurawa don jami'i ya gani, ko da direba ba ya ganin komai a cikinsa. Ƙirƙiro jihar Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996 ya matso da ofisoshi Gusau, ya kuma ƙara yawan motocin gwamnati da ke bin hanyar Ƙaura.

Koyon sana'ar bai sauya sosai ba a duk tsawon wannan lokaci. Uba kan kai ɗansa wurin bakanike ya danƙa masa amana, yaron ya fara da wanke kayan aiki da fetur, da miƙa sifana, da zuwa sayen abinci. Ɗaure madubi da hannun ƙofa da fitila suna cikin ayyukan farko da maigida ke sakar masa, don kuskure a nan ba ya kashe inji. Amma a nan ake gane yaron da ke da hannu. Wanda ya matse ƙusa har zarenta ya cinye, ko ya bar sukudireba ya zame ya karce fentin mutane, zai daɗe bai taɓa kan inji ba.

Motocin gwanjo daga Turai, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, sun fara yawa a shekarun 1990. A lokacin ana sauke su a tashar ruwan Kwatano, su ratsa Nijar, da yawa su shigo ta Maraɗi da Jibiya, hanyar da ke haɗuwa da Zurmi ta Gurbin Ɓore. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu, 2017, ta kuma rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, amma kafin nan Golf da Hayis da ire-irensu sun riga sun ture Fijo daga layin haya. Madubinsu wani abu ne daban. Gidansa na roba ne, yana naɗewa in an buge shi, ana juya gilashin daga ciki da waya ko da lantarki, kuma an ɗaure shi a kusurwar taga da noti uku a wurin da kamfani ya tanada. Ba ya cika sakin gindi. Karyewa yake yi. In ya karye, ana ɗinke robar da waya mai zafi ko a naɗe da salatif na ɗan lokaci, sannan a sayo wani a sauya gaba ɗaya. Wanda ke da lantarki kuma ya koma hannun mai gyaran waya. Baburan Sin da na Indiya da suka cika yankin tun farkon shekarun 2000 suna zuwa da madubai biyu, amma matasa da yawa kan kwance su tun ranar saye.

Matsalar 'yan bindiga da ta addabi Zamfara tun farkon shekarun 2010 ta taɓa Zurmi da Shinkafi ƙwarai, ta kuma taɓa duk wanda abincinsa ke kan hanya. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ta taƙaita sayar da fetur, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci, motocin cin kasuwa suka zauna, garejin da ke rayuwa a kansu suka yi shiru. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya ƙara tsadar tafiya da ta kayan gyara. Tsofaffin Fijo da suka rage a yankin yawancinsu a-kori-kura ne masu ɗaukar hatsi da itace da dabbobi zuwa ƙauyukan da ƙaramar mota ba ta shiga, kuma da wuya a sami wadda madubinta na asali ke jikinta. Galibi na babur ne ko na wata motar, an ɗora shi a kan ƙafar da mai walda ya ƙera, an ɗaure ta da noti biyu ta cikin ƙofa.